Filin Tambaya da Amsa: Cire Turakun Ƙarfe na Shinge daga Ƙasa

Wasiƙu huɗu ne suka taru a hannunmu a kan abu ɗaya, wato turakun ƙarfe da aka kafa shinge da su shekarun baya, yau kuma aka wayi gari ana son cire su. Ta farko ta fi sauran faɗi, saboda haka a kanta za mu fi daɗewa, kuma masu sauran wasiƙun za su tsinci rabin amsarsu a cikinta.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina da garka a bayan garin Daura, ta wajen hanyar Mai'aduwa, wadda mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya kewaye da waya mai ƙaya a kan turakun ƙarfe fiye da shekara 15 da suka wuce. Yanzu na sayi gonar da ke jikinta ta gabas, ina so in matsar da shingen ya haɗe su biyun. Turakun wannan ɓangaren 40 ne, wasu bututu, wasu angul, wato ƙarfen nan mai kusurwa kamar harafin L. Na sa samari uku majiya ƙarfi suka yini suna jijjiga su, amma 4 kawai suka fita, biyu daga ciki a lanƙwashe, na biyar kuma ya karye daga wuya, gindinsa yana cikin ƙasa. Wani ya ba ni shawara in ɗaura sarƙa a mota a fizge su. Ƙarfe ya yi tsada, ba na son in yi asararsu. Mene ne abin yi? Daga wani manomi, Daura.

AMSA: Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa albarka a gonar da aka ƙara. Ina roƙonka ka jingine maganar mota tukuna, ka kuma dakatar da samarin nan daga jijjiga, domin abin da ya lanƙwasa biyu ya karya ɗaya shi ne zai bi sauran 35 ɗin idan aka ci gaba a haka. Turken da aka kafa a tsaye ba ya jure ƙarfin da aka yi masa ta gefe. Idan ana tura shi gaba ana jawo shi baya, wahalar duka tana taruwa ne daidai inda ya haɗu da fuskar ƙasa, kuma nan ne ya fi ko'ina rauni a jikinsa, saboda tsatsa tana buƙatar danshi da iska a lokaci ɗaya, a wuyan turken kuwa suke haɗuwa kowace damina. Can ƙasa iska ta yi ƙaranci, can sama rana tana busar da shi, sai wuyan ya zama shi ke ci. Shi ya sa za ka ga turke lafiya lau daga sama, ka tono gindinsa ka same shi da sauran ƙarfi, amma tsakaninsu ya zama kamar ɓawon gyaɗa. Ta hanyar da turke ya shiga ta nan zai fita, wato sama a miƙe, kuma duk abin da zan faɗa a nan dabara ce ta mayar da ƙarfinku ya fuskanci sama.

Abin da za a fara yi shi ne a san abin da ke riƙe da turakun a ƙarƙashin ƙasa, kuma wannan ba a saninsa da hasashe. Ka zaɓi guda ɗaya daga tsakiyar layi, ka sa a haƙa gefensa da dagi da shebur har a ga ƙarshensa, domin gani ya kori ji. Mai yiwuwa ka tarar an buga shi ne kawai da guduma ya nutse ƙafa 2 ko makamancin haka, wanda shi ne mafi sauƙi. Mai yiwuwa kuma ka tarar mai walda ya liƙa masa guntun rodi a gicciye a gindi, ko an tsaga ƙarshen angul ɗin an buɗe shi kamar ƙafar kaza don kada ɓarawo ya zare shi da dare. Irin wannan ko an jijjiga shi har wuyan ya karye, gindin ba zai motsa ba. Turakun da manoman Amurka ke amfani da su, masu siffar harafin T, su ma suna zuwa da wani faifan ƙarfe kusa da gindi domin ya kama ƙasa, kuma akwai wani ƙarfen banƙara da ake ɗaga su tsaye da shi. Sai kuma wanda aka zuba wa kankare. Yawanci mai kafa shinge yakan zuba wa na kusurwa da na bakin ƙofa kankare ya bar na tsakiya a ƙasa zalla, don haka kada ka ɗauka abin da ka gani a ɗaya shi ne a duka. Wani dattijon lebura da na taɓa aiki da shi yana da dabarar da ta rage mana haƙa ƙwarai. Yakan jiƙa gindin turken, ya ɗauki siririn rodi mai tsini ya riƙa soka shi a ƙasa, taƙi ɗaya daga jikin turken, sannan ya matsa baya kaɗan ya sake sokawa. Inda rodin ya ci karo da abu mai tauri ya ƙi wucewa, nan kankare yake, kuma kafin a ɗauko shebur ya riga ya san faɗinsa.

Kada a taɓa turke alhali waya tana jikinsa. Waya mai ƙaya da aka ja ta miƙe tana riƙe da ƙarfinta ko bayan shekaru, kuma idan aka datse ta a tsakiya takan yi tsalle ta naɗo, ta sami fuska ko hannu. A kwance ta daga turakun tsakiya a bar ta a ɗaure a na kusurwa, layi ɗaya bayan ɗaya, a fara da na ƙasa don kada na sama ya faɗo ya sarƙe da shi, sannan mutum mai safar hannu ta fata ya riƙe ƙarshen da filaya ya sassauta a hankali, a naɗe ta a jikin guntun icce. Tunda garka ce mai shuka a ciki, ka yi aikin kashi-kashi, ka cire goma ka kafa su a sabon layi kafin ka buɗe gaba, domin awakin maƙwabta ba za su jira a gama ba.

Daga nan sai a sassauta ƙasa. Da yamma a yi wa kowane turke ɗan gurbi kamar na dashen mangwaro, a zuba jarka ɗaya ko biyu ta ruwa, a bar shi ya kwana. Jigawa irin ta Daura da Mai'aduwa da Zango tana shan ruwa da sauri, kuma da zarar ɓawon nan na sama da rani ya ƙeƙasar ya jiƙe, rairayin da ke ƙarƙashinsa ba ya yi wa ƙarfe wani riƙo mai tsanani. Lakar fadama daban take. A bushe tana damƙe ƙarfe kamar siminti, ruwa kuma ba ya ratsa ta da wuri, sai an huda ramuka da rodi a gefen turken an zuba sau biyu ko uku a cikin kwana biyu. Idan ta jiƙe kuma takan tsotse turken, shi ya sa ake ɗan motsa shi gwargwadon faɗin yatsa biyu don iska ta sami hanya. Wannan ɗan motsin kaɗai na yarda da shi. Bututu kuwa, idan babu rodi a gindinsa, murɗawa ta fi masa: a kama shi da babbar sifanar masu gyaran famfo a juya dama da hagu, sai ya rabu da ƙasar ba tare da wuyansa ya wahala ba. Inda aka ci karo da marmara, ruwa ba ya yin tasirin kirki, dagi ne maganinta. Idan kuma babu gaggawa, Allah yana yi maka wannan jiƙon kyauta, domin daminarmu daga Yuni zuwa Satumba take, kuma a farkon Oktoba ƙasa tana da sauran lema.

Yanzu sai ɗagawa. Kayan da na fi amincewa da su ba sa cin mai ko wuta: dogon bututu mai kauri, ko miƙaƙƙen iccen bedi ɗanye, tsawon ƙafa 10, da guntuwar sarƙa mai ƙwari, da kututture mai tsayin gwiwa da za a yi wa bututun matashi. A shimfiɗa faffaɗan katako a ƙarƙashin kututturen don kada ya nutse a jiƙaƙƙiyar ƙasa, kuma kada a yi matashi da bulo, domin yana farfashewa ba zato. A ajiye matashin ƙafa 1 daga turken, a ɗora bututun a kai, a ɗaure gajeren ɓangarensa da turken can ƙasa kusa da gindi, sannan mutum ya koma ƙarshen dogon ɓangaren ya danna da nauyin jikinsa. Lissafin a fili yake. Ƙafa 9 ne a wajen mai dannawa, ƙafa 1 a wajen turke, saboda haka ƙarfinsa yana ninkuwa sau 9, kuma mutum mai nauyin kilo 60 idan ya sake jikinsa a kai, turken yana jin jan kilo 540 zuwa sama. Abin da ake biya a madadin wannan riba shi ne tazara, domin idan hannunsa ya sauko ƙafa 3, inci 4 kawai turken zai taso. Sai a sassauta sarƙar a mayar da ita ƙasa a sake dannawa. Dannawar farko ce mai wuya, bayan ta biyu ko ta uku sau da yawa hannu ma yana ƙarasa zare shi. Mai dannawa ya tsaya a gefen bututun, kada ya hau kansa ko ya sa haɓarsa a saitinsa, saboda idan sarƙa ta zame, ko ya faɗi ko bututun ya taso masa.

Zamewar sarƙa ita ce abin da ya fi ba mutane haushi a wannan aiki, musamman a jikin bututu mai santsi. A naɗa ta zagaye uku, a zura ƙarshenta ta ƙarƙashin naɗin yadda duk lokacin da aka ja za ta ƙara shaƙe shi. Idan ta ƙi kamawa, a damƙa sifanar famfo a jikin bututun a sa sarƙar a ƙarƙashinta. Angul ya fi sauƙi, tunda yana da hudojin da aka zura waya, sai a sa ƙaƙƙarfan noti a huda mafi kusa da ƙasa ya tokare sarƙar, in dai tsatsa ba ta cinye gefen hudar ba.

Masu kankare su ne za su ci maka lokaci. Dunƙulen da faɗinsa ƙafa 1 ne kowane gefe, zurfinsa ƙafa 2, nauyinsa ya kai kusan kilo 135, wato ya haura buhu biyu da rabi na siminti, ban da riƙon da ƙasa ta yi masa, kuma da yake a ramin da aka haƙa da hannu aka zuba shi, jikinsa ba sumul yake ba, wani ma ya fi faɗi daga ƙasa. Dole a haƙa kewayensa aƙalla zuwa rabin zurfinsa, a zuba ruwa, sannan a kawo jak na mota. A gicciya ƙaƙƙarfan ƙarfe ko katako mai kauri a jikin turken, ƙarshensa ɗaya a kan kututture, ɗayan a kan jak, a ɗaure sarƙar a tsakiya. Kuskuren da na sha gani shi ne a ɗora jak ɗin a kan kankaren kansa, ko a kan katakon da ya hau bakinsa, sai ya zamana ana danne abin da ake son ɗagawa, a yi ta bugawa har sarƙa ta tsinke ba a ga motsi ba. Jak da kututture duka su zauna a wajen kankaren, a kan ƙasa mai ƙwari. Duk lokacin da dunƙulen ya taso, a cusa duwatsu ko guntayen icce a ƙarƙashinsa da sanda don kada ya koma, kuma kada kowa ya zura hannu a ramin.

Maganar mota kuwa, ba da jin labari nake hana ka ba. A gabana aka yi, a wata gona kusa da madatsar ruwa ta Ajiwa, inda aka ɗaura sarƙa a bayan a-kori-kura, direba ya ja da baya ya saki sarƙar ta yi sako-sako, sannan ya taka mai. Turken ya kwanta bai fita ba, ƙugiyar sarƙar ta ɓalle ta taso da ƙara, ta wuce ta gefen kunnen wani yaro da ya zo kallo, ta tarwatsa gilashin bayan motar. Har yau idan na tuna tazarar da ke tsakanin ƙugiyar nan da kan yaron, gabana yana faɗuwa. Mota tana ja ne ta gefe, wato ainihin abin da samarinka suka yi, amma da ƙarfin da ya ninka nasu. Idan ya zama dole, a tsayar da tsohon wilin babbar mota a jikin turken, a ɗauro sarƙar daga gindi ta haye saman wilin kafin ta tafi wajen mota, ta haka jan zai juya ya zama na sama. A ɗaure ta a jikin ƙarfen ƙasan motar, a yafa mata jiƙaƙƙen buhu a tsakiya don ya kashe mata tsalle idan ta tsinke, a ja a hankali ba fizga, kowa kuma ya matsa nesa fiye da tsawon sarƙar. Da shanun huɗa ma ana yin haka, kuma jansu ya fi na mota natsuwa. Wanda ya sami tarakta ya fi kowa hutawa, domin hannayen nan na bayanta da ke ɗaga garma sama suke ɗagawa kai tsaye, sai dai direba ya lura da gabanta, in ya ga yana neman tashi ya sauke nan take.

Wanda ya karye kada ka bar shi da sunan ya ɓace. Gobe garma za ta ci karo da shi, ko ya tsaga kofaton shanun huɗa. A haƙa kewayensa har taƙi ɗaya na lafiyayyen ƙarfe ya bayyana, a ɗaure sarƙa a ɗaga shi kamar sauran. Kafin kowa ya rungumi bututu ko ya zura yatsa a bakinsa, a buga shi da guduma a jira kaɗan, saboda kunama da rina suna son irin wannan wuri. Idan akwai wayar lantarki da ta ratsa ta saman gonar, a kula da ita lokacin ɗaga dogon bututun. Kowane rami a cike shi a ranar, ana zubawa ana daddaɓewa. Biyun da suka lanƙwashe mai walda zai miƙar da su, kuma kafin ka kafa turakun a sabon wuri ka kankare tsatsar, ka shafa musu kwalta daga gindi har taƙi ɗaya sama da inda ƙasa za ta tsaya, ka toshe bakin bututun don ruwan sama ya daina taruwa a ciki.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Gidanmu yana Ƙofar Ƙaura a cikin Katsina. An kewaye gabansa da ragar waya a kan bututu 12 da aka zuba wa kankare, yanzu kuma muna son gina katanga a wurin. Maigida yana aiki a wani gari, ni ke kula da aikin. Leburori sun ce a kawo injin yanka a datse su daidai da ƙasa a huta. Huɗu daga ciki suna cikin daɓen siminti, dab da bangon ɗaki, ta inda ruwan famfo yake shigowa. In yarda? Daga wata uwargida, Katsina.

AMSA: Barka kadai, Hajiya. Ki yarda da rabin maganarsu. Takwas ɗin da ke kan layin da katanga za ta bi ba su da dalilin yanka, domin dole ne a haƙa ramin harsashi a wurin, kuma idan ramin ya iso kowane dunƙule, gefensa biyu sun riga sun buɗe, sai a tura shi ya kwanta a ciki a fasa shi. Barin tsohon kankare da guntun ƙarfe a cikin harsashi ba shi da kyau, saboda ƙarfen da ke tsatsa kumbura yake yi, yana tsaga abin da ya kewaye shi. Fasawar ma ba ta kai yadda ake tsoronta ba. Kankare yana jure danniya amma ba ya jure tsaga, don haka idan aka kafa kurfi kusa da jikin bututun, ta gefen da ya fi siranta, aka yi ta bugunsa da babbar guduma a layi ɗaya, yakan dare gida biyu ya saki ƙarfen. Mai bugun ya sa tabarau, yara kuma su shige gida, domin tsakuwa tana tashi da nisa.

Huɗun da ke jikin bango kuwa, yankan ne daidai, tunda ɗaga su zai fasa daɓen, ya girgiza gindin ginin, wataƙila ya tsinka bututun ruwa, wanda a yawancin gidajenmu na roba ne kuma ba shi da zurfi. Sharaɗin shi ne kada a yanka daidai da ƙasa, domin bakin bututun da aka datse wuƙa ne a gidan da yara ke yawo ba takalmi. A sassaƙe simintin da ke kewaye da shi zurfin inci 2 ko 3, a yanka a can ciki, a doke bakin da guduma ya lanƙwasa ciki, a cika ramin bututun da kwaɓin siminti, a shafe saman ya yi daidai da daɓe. Kafin a fara, a rufe ruwa daga inda yake shigowa, kuma idan akwai wayar wuta da aka binne zuwa fitilar ƙofa ko injin rijiya, a kashe ta daga tushe. Mutum ɗaya ya riƙe saman bututun yana ɗan jan sa baya daga mai yanka, saboda idan ya rinjayo ya matse faifan injin, faifan yana iya tarwatsewa. A nisantar da jarkar fetur da janareta daga tartsatsin. Bututun nan mai farin rufi, idan ya yi zafi ƙwarai, yana fitar da farin hayaƙi da ke sa zazzaɓi da ciwon jiki, don haka mai aikin ya ba iska baya.

Ki yi ciniki da su tun kafin su ɗaga diga: nawa ne kowane turke, wa zai kwashe ɓaraguzai, kuma ƙarfen na wane ne. Na ga inda aka gama aiki lafiya sannan rigima ta tashi a kan wannan na ƙarshen. Bututun da ya fita a miƙe mai walda zai saye shi da daraja a matsayin kayan aiki, alhali guntaye sai 'yan gwangwan, su kuwa a kilo suke awo. Tunda kuma gaban gida ne mai kallon hanya, maigida ya tuntuɓi hukumar tsara birane ta jiha a kan inda katangar za ta tsaya kafin a zuba harsashi, domin inda aka ƙyale raga ba lalle ne a ƙyale bulo ba.

TAMBAYA: Malam, an raba mana gado, na sami gona a Batagarawa. Tsakanina da maƙwabci akwai tsofaffin turakun angul da kawunmu ya kafa, duk sun yi tsatsa, ba waya a jikinsu. Ina so in cire su in sayar, in dasa aguwa a madadinsu. Kusa da na kusurwa akwai wani ɗan dunƙulen siminti mai lamba a kansa, shi ma in cire? Daga wani matashi, Batagarawa.

AMSA: Ƙanena, wannan dunƙulen mai lamba kada ka taɓa shi, kada ma ka haƙa kusa da shi har ya karkace. Alamar safiyo ce, lambar da ke kansa tana cikin taswirar filin da aka auna, kuma cire ta ko matsar da ita laifi ne a doka. Turakun ma, ko da yake a wajenka tsohon ƙarfe ne, a wajen maƙwabcinka su ne iyaka, kuma ranar da ya zo ya tarar babu su, ba tsatsa zai tuna ba. Addini ya tsananta a kan wannan. Ya tabbata a cikin Sahihu Muslim, daga Sayyidina Aliyu, Allah ya ƙara masa yarda, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci wanda ya canja alamar iyakar ƙasa, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito narkon da ke kan wanda ya ci ko taƙi ɗaya na ƙasar wani da zalunci. Na san ba niyyarka ke nan ba, amma iyakar da aka share aka sake zanawa da ƙiyasi tana iya gusawa taƙi ɗaya ba da sanin kowa ba.

Ka fara zuwa wajen maƙwabcin da kanka ka gaya masa abin da kake son yi, ku sa rana, ku gayyaci mai unguwa da dattijo ɗaya ko biyu da suka san gonakin, da kawun naku idan yana raye. Shi ne zai faɗa ko a kan iyaka ya kafa su ko ya ɗan shigo cikin taku, domin mutane da yawa suna barin rata lokacin kafa shinge, kuma shi zai faɗa ko shi kaɗai ya sayi ƙarfen ko an yi karo-karo, wanda shi zai nuna ko kana da ikon sayarwa. A ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwa, a auna nisan kowace kusurwa daga abubuwa biyu da ba sa motsi, kamar kuka ko rijiya, a rubuta a takarda kowa ya sa hannu, ka kuma ɗauki hotuna da wayarka. Kada a cire su gaba ɗaya. A zare ɗaya, a dasa aguwa a cikin ramin nan take, sannan a wuce na gaba. Shawarata ita ce ka bar na kusurwoyin a inda suke, ka shafa musu kwalta, domin aguwa tana faɗi tana kuma mutuwa, kuɗin angul biyu a kilo kuwa bai kai kuɗin motar zuwa kotu sau ɗaya ba. Kwashe ƙarfen ma ka yi shi da rana, da sanin mai unguwa, saboda a wannan zamani na sace-sacen ƙarafa, wanda aka gani da baro cike da turaku da magariba zai sha tambaya.

TAMBAYA: Malam, ƙanena ya taka guntun turken da aka datse a gona, ya huda masa tafin ƙafa. Mun shafa baƙin mai mun ɗaure da tsumma, jinin ya tsaya. Akwai sauran abin yi? Daga wani mai karatu, Daura.

AMSA: Akwai, ɗan'uwa, kuma yau ne ba gobe ba. Ku kwance tsumman, ku wanke baƙin man da ruwa mai tsabta da sabulu, ku kai shi asibiti ko ɗakin shan magani mafi kusa, ku gaya musu a gona ne kuma ƙarfe ne ya shige shi. Abin tsoro shi ne cutar sarƙewar haƙora, wadda a asibiti ake kira tetanus. Ba tsatsar ce ke kawo ta ba kamar yadda ake zato. Ƙwayar cutar tana zaune ne a cikin ƙasa da kashin dabbobi, ƙarfen ya tura ta cikin nama, kuma ta fi samun wurin zama a rauni mai zurfi mai ƙaramin baki wanda iska ba ta shiga, irin wannan na tafin ƙafa. Baƙin mai da toka da ƙasa ba sa kashe ta, ƙara toshe raunin suke yi. Alamunta sukan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21, lokacin da mutum ya ɗauka ya warke. Ma'aikacin lafiya zai wanke raunin ciki da waje, ya tambayi yaushe aka yi masa allurar rigakafin ta ƙarshe. Idan ta wuce shekara 5 a rauni mai datti irin wannan, ko ba a san lokacin ba, za a yi masa wata, wanda bai taɓa yi ba kuma akan haɗa masa da wata allurar da ke ba da kariya nan take. Idan kuka ga muƙamuƙinsa ya fara ƙagewa, ko wuyansa ya sandare, ko haɗiya tana yi masa wuya, ku wuce da shi babban asibiti ko da tsakar dare ne. Allah ya ba shi lafiya. Bayan kun dawo, ku koma gonar da dagi ku tono guntun nan.